Batirin da Ba Ya Shan Ruwan Rijiya

Ka taɓa ƙirga awa nawa firjinka ke riƙe sanyi bayan an ɗauke wuta? Malama Mero ta Ƙofar Kibo ta ƙirga. Nata awa huɗu ne, in ba a buɗe shi ba.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da lissafi a firamare kafin ta ajiye alli. Mijinta, Malam Abdulbaƙi, yana karantar da fiƙihu a zaure, kuma shekara shida ke nan yana fama da ciwon suga. Allura biyu yake yi a rana, ruwan allurar kuwa ba ya jure zafi. Shi ya sa ƙaramin firjin nan ya fi kowane kaya daraja a gidan.

Batirinsu na farko, mai riƙe firjin in an ɗauke wuta, irin na ruwa ne, dogon nan da ake kira tubula, guda biyu, kowanne kilo sittin. Mota ba ta shiga lungunsu, sai da ƙarti huɗu suka kinkimo su. An ce za su yi shekara huɗu. Wata goma sha huɗu suka yi.

Mero ta aika aka kira Asabe, ɗalibarta ta dā, 'yar Wusasa mai haɗa sola, wadda ke shiga har cikin gida ba sai an yi mata iso ba. Asabe ta kwance murfi, ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Malama, wane ruwa kuke zuba masa?"

"Na kwalba, wanda kika ce."

Daga bakin ƙofa Malam ya yi gyaran murya. "Sau uku dai na taimaka masa da na rijiya, da na ga na kwalbar ya ƙare. Rijiyar kakana ce. Da ruwanta aka wanke allon duk wanda ya yi karatu a gidan nan, babu wanda ya taɓa ko ciwon ciki."

"Allah gafarta Malam, ai shi batir ba ɗalibi ba ne," in ji Asabe. "Gishirin ƙasa da ke cikin ruwan shi ya cinye shi."

Mero kuwa lissafi take yi. Saura mako biyar 'yarsu Hanan ta haihu a Kaduna, haihuwar fari, kuma Mero ta yi alkawarin zama da ita kwana arba'in. Kwana arba'in kuwa na nufin batir zai nemi ruwa aƙalla sau ɗaya, ga Malam, ga rijiya.

Asabe ta shimfiɗa mata zaɓi. Tubula ya fi araha kuma yana da juriya, amma rabin cajinsa kawai ake sha, sannan sai an bi shi da ruwa. Na jel ba ya buƙatar ruwa, sai dai zafin bazara na rage masa kwana. Litiyam a rufe yake ruf, ana iya shan kashi takwas cikin goma, amma abin da zai sayi manyan tubula biyu ƙarami ɗaya zai saya.

"Kada ki zaɓa yau, Malama. Ke kika koya mana a rubuta tambaya kafin amsa."

Kwana bakwai Mero tana rubutu a bayan kalanda. An ɗauke wuta sau goma sha ɗaya. Mafi tsawo awa goma sha tara. Ta jera duk abin da ke jan wuta: firji, fanka biyu, ƙwan fitila shida, talabijin, dutsen guga. Sai ta bi su da jan biro kamar jarrabawa, tana tambayar kowanne: in babu kai, wa zai cutu? Talabijin ya faɗi, dutsen guga ya bi shi. Ta daɗe a kan fankar ɗakinta, don ta san Afrilun Zariya, sannan ta soke ta. Abin da ya rage: firji, fankar Malam, ƙwai biyu. Ƙaramin litiyam zai riƙe su awa ashirin da shida.

Ranar da aka kawo shi, Asabe ita kaɗai ta rungumo shi tun daga bakin titi. Aka ajiye shi a tsohon soron ƙasa, inda ya fi ko'ina sanyi. Malam ya zagaya shi sau biyu yana shafawa.

"Ina bakinsa?"

"Ba shi da baki, Malam."

"To, wannan ya fi ni azumi."

Mero ta tafi Kaduna, ta yi kwana arba'in da biyu. Da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta buɗe firji, ta ɗora kwalbar allura a kumatunta. Sanyi ƙalau. Har yau a tsakar gida take shan iska da mafici, kuma ba ta ce tubula ba shi da kyau. Cewa take, shi ya dace da gidan da mai ba shi ruwa ba ya tafiya.

Kafin ka je kasuwa, don Allah ɗauki kalanda da jan biro ka yi kwana bakwai kana rubutawa. A ƙasan shafin ka ƙara layi ɗaya: in ba ka nan, wa zai kula da shi?