Silin ɗakin Inna

Daren jiya na yi wani mafarki, tun da na tashi na kasa gane kansa, shi ya sa na kawo muku.

Bari in fara da laifina. Ina gyara wa mahaifiyata ɗaki a gidana, za ta dawo wurina da zama kafin damina ta kankama, saboda tarin da ke damunta. Ni tela ne, ba kafinta ba, amma na ce da hannuna zan buga mata silin. Da na hau tsani sai na ga haske yana shigowa ta wata 'yar ɓula a jikin kwano, daidai saitin inda gadonta zai zauna. Gyaran sai an ɗaye kwanon, ni kuma na gaji. Na ce a raina, in na rufe silin wa zai gani? Allah ya yafe mini, da wannan niyyar na kwanta.

A mafarkin ɗakin ya koma ƙarƙashin ƙasa. Na sauka ta wata doguwar matakala, guduma a hannu, ƙusoshi a baki. Babu taga, amma ko'ina haske kamar da azahar. Na hau tsani na fara bugawa. Duk fallen da na buga, in na waiwaya sai in ga ya zama farar shadda tana lilo. Na ce to ai wannan aikina ne, na laluba aljihu neman allura ban samu ba.

Sai kawai na gan ni a cikin silin ɗin, a durƙushe tsakanin kwano da katako. Ashe ta sama na buga fallen ƙarshe, ban bar wa kaina hanyar sauka ba. Sai ruwa ya fara zuba ta ɓular nan. Ina ta mamakin yadda ake ruwan sama a ƙarƙashin ƙasa. Na toshe da tafin hannu, ya biyo ta gwiwar hannuna yana taruwa a kan silin, silin yana kumbura kamar cikin akuya.

Na leƙa ta wata kafa, sai ga Inna a kan gado da carbinta, ta ɗaga kai tana kallon kumburin. Ba ta matsa ba. Sai ta ce, "Habibu, ka gama?"

Ni ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "wannan yaron" take cewa, ko ta ce "kai". Na so in ce mata ta tashi daga wurin, ƙusoshin suka hana ni magana. Ta sake kira, a hankali, ba faɗa a muryarta. A nan na farka, hannuna a sama.

Da na ba matata labari, cewa ta yi wannan ai ba ya buƙatar malami, mai kwano yake buƙata. Na yarda, har na aika a kira shi, ba zan buga ko ƙusa ɗaya ba sai ya gyara. Amma ba ruwan ne ya tsaya mini a rai ba. Da safe na kira Inna a waya, lafiyarta ƙalau, "kai" ɗin dai ta ce mini kamar kullum.

Don Allah masu sani, uwar da ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta ba, in ta kira shi da sunan a mafarki, me ke nan?