Tsakin da Na Ji a Motar Malam

Maigidana Malam, Allah Ya jiƙansa, yana da wata tsohuwar akori-kura da yake kai gyaɗar mutane daga Tudun Kaya zuwa kasuwar Rogo. Da ita muke ci, da ita muke sha. Ranar kasuwa ina gaba, da ƙullin ƙuli-ƙulina a cinya.

To, wata shekara bayan kaka, sai mota ta ɗauki ciwo. In tana gudu lafiya lau, in an tsaya sai ta kama karkarwa kamar mai masassara, ta mutu. Birki ma ya yi tauri. Bakanike a Karaye ya canja fulogi, ya wanke kafireta, ciwo yana nan.

Ni fa ina jin wani abu. Duk sanda inji ya lafa, sai in ji ɗan tsaki siriri, siii, irin na mai zuƙar iska ta wushirya. Ranar da muke gareji har na buɗe baki. Sai na ga maza sun sunkuya a kan inji, har da yayan Malam. Mace ta gyara wa mijinta zance a gaban wansa? Na ja mayafi na yi shiru. A gida ma na kasa, kada ya ga kamar na raina saninsa.

Da ya gaji, ya sayar wa wani mutumin Ruwan Bago. Ranar da mutumin ya zo ɗauka ina leƙe daga zaure. Ya tada ta, ya kara guntun tiyo a kunne, yana bin inji da ɗaya bakin. Can ya tsaya. Wata 'yar roba ce kamar yatsana ta tsage tana shan iska. Ya yanke wurin, ya mayar, ya ɗaure da waya. Nan take numfashin mota ya daidaita.

Ya ce, "Malam, in ka fasa, ban riƙe ka ba."

Malam ya ce, "Na riga na sallama. Ja abarka."

Da na kai masa tuwo na durƙusa na ce, "Malam, ni fa na daɗe ina jin tsakin nan."

Ya mayar da lomar cikin kwano. "Tun yaushe?"

"Tun bayan kaka."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Haba, baiwar Allah." Washegari ya ɗauko fartanyarsa ya sa mata sabuwar ƙota. Bai ƙara riƙe sitiyari ba har ya koma ga Mahaliccinsa.