Ranar da Canela Ta Ƙi Faɗuwa

Aljihun hagu na rigar Kawu Anselmo kullum a kumbure yake. Na daɗe ina lura da shi ta tagar da nake sayar da tikiti kafin in gane busasshen ɓaure ne a ciki, na goɗiyarsa Canela.

Kowace safiya, kafin motocin baƙi su iso garin katakon da aka gina don fim a hamadarmu ta Tabernas, yana tsakiyar titi da manjagara. Ya sassauta ƙasa, ya tsuguna ya tsince duwatsu da hannu. Nan za a harbe shi da rana a wasan kwaikwayo, shi da goɗiyar su zube, 'yan kallo su yi tafi.

Yana saurayi Italiyawa suka zo da kyamarori suka mai da ƙasarmu Amurka. A jami'a an koya mana yadda finafinan kaboyinsu suka sauya fim ɗin jarumta: jarumi ya daina zama tsaf-tsaf, ya koma mai gumi da ƙasumba, mai dogon shiru kafin ya zaro bindiga. Ba a gaya mana wanda ke faɗuwa idan ya zaro ta ba. Kai ne, Kawu. Kai ne ɗan fashin da ya rikito daga rufin banki, kai ne sojan da doki ya ja a ƙasa. Duniya ta ga bayanka, ba ta san fuskarka ba.

"Mijina ya mutu ya fi a ƙirga," in ji matarsa, Inna Remedios, "amma bai taɓa makara cin abincin rana ba."

Tsofaffin abokan aikinsa sun shaida cewa lokacin da wasu ke ɗaura wa doki waya a ƙafa a fizge don ya kife, Anselmo ya ƙi. Shi koyarwa yake yi: ya juya wa doki kai, ya danna masa gwiwa, doki ya kwanta da kansa a ƙasa mai laushi.

Bana ya ce zai ajiye aiki. Manajanmu, Don Fulgencio, ya ce to, amma Canela mallakar wurin ce, za ta ci gaba da faɗuwa da sabon mahayi.

"Gwiwoyinta sun gama, Don Fulgencio."

"Naka ma sun gama, tsoho, ga ka nan kana ta mutuwa lafiya lau."

Bai yi musu ba. Sai dai na fara jin ƙarar bindigar wasa da sassafe a bayan barga. Na leƙa, sai ga Kawu a kan Canela. Ya harba, ya juya mata kai, ya danna gwiwa. Idan ta fara durƙusawa sai ya ɗago linzami, idan ta tsaya cak sai ɓaure. Abin da ya yi shekaru yana koya mata yake warwarewa.

Ya hango ni. "'Yar jami'a, kin ga wani abu?"

Na girgiza kai. Dama magana ba ta zuwa mini da sauƙi, ranar kuwa hakan ya yi amfani.

A wasansa na ƙarshe aka harba, Anselmo ya zube shi kaɗai. Canela ta tsaya ƙyam, sannan ta sunkuya tana shinshinar aljihun gawa. Dariya ta ɓarke. Sabon mahayin, Casimiro, ya hau ya gwada, ya sake gwadawa, ko gezau.

"Ta rikice kamar mai ita!" in ji manaja, ya juya ga Anselmo. "Tafi da abarka, ba zan ciyar da 'yar kallo ba."

Don Fulgencio, idan kana karanta wannan, a gaban jama'a ka ba da ita.

Mun gode, Kawu Anselmo, gwanin faɗuwa. Matasan da suka gaji wannan sana'a, ku tsince duwatsun da hannunku, ku kuma san ranar da abokin aikinku ya gaji, ko da ba ya magana.

Da yamma aka yi masa walima a gaban bankin katako. Manaja na tsakiyar jawabi na waiga, na ga kujerarsa ba kowa, manjagarar na jingine a ƙofar Casimiro. Can kan hanyar gari na hango su, shi a ƙasa yana ɗingishi, ita a gefensa ba sirdi, hancinta a aljihunsa.