Wandona da Rigar Baffa

A shekarun tamanin, duk Ƙaraye babu gayen da ya kamo ƙafata. Jiya na tsinci tsohon wandona mai faɗin ƙafa a gindin akwati, sai marigayi Baffana ya faɗo mini a rai.

Babbar rigarsa ɗaya ce tal, shuɗiya, kullum a ninke ƙarƙashin katifa, tana ƙamshin turaren wuta. Ya raka ni Rogo gaida iyayen budurwata, ina tafe ina jan wando a ƙasa. Wallahi har kajin gidan shi suke kallo! Duk gayuna, babu mai kallona; har yau abin yana ci mini rai.

Allah ya haskaka kabarinka, Baffa. Kakar yarinyar ce kaɗai ta kula ni, ta ce, "Sannu angona, ka share mana tsakar gida tas."