Falalen Dutsen Inna

A bayan gidanmu na ƙauye, can ƙasar Sabuwa, akwai wani falalen dutse da matan unguwa ke shanya a kansa. Kowace da wurinta, ba mai taka na wata. Na Inna yana gefen gabas, inda rana ke fara sauka. Nan take baza kuɓewa da barkono da tumatir, ta zauna tana korar awaki tana tsifar kaina, tun ina yarinya.

Da 'yan bindiga suka matsa mana, ni da Inna da 'ya'yana muka kwashe abin da za mu iya ɗauka muka dawo Ƙanƙara, gidan da Yaya ya gina bai ƙarasa ba. Yaya shi ne ɗan farin Inna, magini ne, a Kaduna ya koyi aiki. Saboda alkunya ba ta taɓa kiran sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. In tana da saƙo ni take ba, ko da yana tsaye a gabanta.

Tsakar gidan daɓen siminti ne, fari fat, da rana har ido yake kashewa. Inna ba ta taɓa kukan gidan ba, amma ta daina shanya. Ko an kawo mata kuɓewa sai ta ce a ba maƙwabta. Wuni take a bakin ƙofar ɗaki da carbinta, tana ramewa.

Wata ranar Juma'a Yaya ya shigo da ƙullin garin kala, ja da baƙi da ruwan ƙasa, da soso da buroshi. Ya ce mani a Kaduna ya ga ana rina siminti ya koma kamar dutse, shi ma ya yi wa mutane, zai gwada a nan. Ya wanke daɓen tas, ya kankare shi, ya tsaga layuka a karkace kamar tsagar dutse. Sannan ya dama kalar ya riƙa dangwalawa da soso, in ta sha iska ya ƙara wata a kai.

Da farko Inna ko kallo bai ishe ta ba. Sai da aiki ya yi nisa na ji ta yi gyaran murya.

"Ke, ce ma wancan jan ya yi yawa. Namu bai kai haka ba."

Yaya ya tsaya da soso a hannu. Ashe ta gane abin da yake kwaikwayo, ba wanda ya gaya mata.

"Inna, ina zan rage?" ya tambaya, kansa a sunkuye.

Ni ta kalla ta ba da amsa. "Ce mashi daga tsakiya. Kuma akwai baƙin zane da ya ratsa ta wajen turmin maƙwabciyarmu Hajiya, ya manta."

Daga nan aikin ya zama nasu su biyu, ni ce 'yar aike tsakaninsu. Ta tuna masa inda ruwan sama ke kwanciya ya bar kore, da inda dutsen ya yi fari don yawan shanyar gari. Wani wurin ya goge ya sake har ya gaji, ta ce bai yi ba. Ban taɓa ganin sun daɗe wuri ɗaya kamar kwanakin nan ba. Da ya gama ya shafe shi da wani ruwa mai sheƙi don kada launin ya koɗe.

Ranar da ya bushe ta cire takalmi ta taka, ta zagaya a hankali, ta je gefen gabas ta zauna. Ta shafa da tafin hannu ta ce, "Ya yi kama. Sai dai ba ya riƙe ɗumi." Jim kaɗan ta ƙara da cewa, "Allah Ya yi albarka." Yaya ya fita zaure da sauri.

Kaka ɗaya ta yi shanya a kansa. Da damina ta kama, ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ba ta tashi ba.

Wajen zaman makoki matan ƙauyenmu suka zo daga inda gudun hijira ya watsa su, wasu daga Faskari, wasu daga Sheme. Hajiya, maƙwabciyarmu ta da, tana shigowa ta tsaya cak da sallama a bakinta. Ta nuna da sanda ta ce, "Nan ne wurina." Wata ta ce ga nata can. Aka shimfiɗa tabarmi suka ƙi hawa, kowace ta je ta zauna a wurinta a ƙasa, suka yi ta kuka. Na san ba Inna kaɗai suke yi wa ba.

Bayan sadakar arba'in Yaya ya koma Kaduna, ni da 'ya'yana muka ci gaba da zama a gidan. Hanyar da muke bi zuwa madafa ta fara koɗewa, simintin yana leƙowa. Na gaya masa a waya, ya ce zai sabunta in ya zo Sallah. Ya zo Sallar, ya gaida kowa a zaure, ya ci abinci a can, bai shigo ciki ba.