Ranar da Kaka Ya Ajiye Usur

Har yau in uwar 'ya'yana ta kwashe tokar murhu ta yayyafa mata ruwa don kada iska ta watsa ta, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Ita ta ɗauka ƙurar ce ba na so, ni kuma na bar ta a haka. Gaskiyar magana, warin jiƙaƙƙiyar toka yana mayar da ni filin ƙwallonmu na Gwandu, can bayan makarantar firamare, lokacin da toka ake zana layi. Babana ne yake zanawa. Da yamma zai bi gidajen unguwa da tsohon buhu yana karɓar toka a hannun mata, ya zuba a gwangwanin da ya huda da ƙusa, ya ja igiya, ya duƙa yana bi a hankali. Layinsa ba ya karkata.

Filin kuwa, a wurinmu na Kaka ne, mahaifin Baba. Tsohon malamin wasanni ne, kuma shi ya kafa kulob ɗin garin tun ba a haife ni ba. Gajere ne mai gwame, amma in ya daka tsawa sai ka rantse mutum uku ne a jikinsa. Yana da usur na ƙarfe a rataye da tsirkiyar fata, ya sha hannu har ya yi fari. Ya horar da mutum, ya zo ya horar da ɗan mutumin. Duk wanda ya yi nauyin jiki a fili, Kaka zai kira shi buhun albasa, kuma sunan zai bi shi har ya yi furfura. Ban san wani koci ba sai shi, kuma ban taɓa tunanin ana canza koci ba, kamar yadda ba a canza kaka.

Sai dai akwai abin da ya kamata ka sani game da gidanmu. Baba ɗan fari ne, kuma mutanenmu na da suna yi wa ɗan fari alkunya mai tsanani. Ban taɓa jin sunan Baba ya fito daga bakin Kaka ba. Ba ya kallonsa ido cikin ido, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, yabo kuwa ba a ma maganarsa. In yana son wani abu, sai ya ɗaga kai ya gaya wa iska, "A ce wa wancan shi ɗauko ƙwallaye." Alhali wancan ɗin yana tsaye a bayansa. Ni kuwa da nake jika, babu abin da ba na yi masa. In fizge masa hula, in ce ya tsufa, ya ce mini abokinsa, ya ce kaina kamar tulu. Duk wasan da bai yi da ɗansa ba, a kaina ya sauke shi.

Da cutar yanar ido ta fara kama Kaka, sai ya zamana ba ya hango ragar can nesa. Bai gaya wa kowa ba, kuma ba wanda ya tambaye shi. Baba dai ya koma tsugunawa a ɗan bayansa, yana tonon ƙasa da tsinke, yana magana ƙasa-ƙasa kamar da tsinken yake: gefen hagu ya buɗe, mai lamba shida ya gaji, golansu yana fitowa da yawa. Sai Kaka ya hura usur ya ƙwala umarni kamar shi ya gani. Shekaru aka yi a haka, kuma a shekarun ne muka fi cin wasa. Babu babban mutum a Gwandu mai zuwa kallo da bai san wa yake gani wa yake hurawa ba.

Bayan girbin shekarar da aka ba mu jiha, Kaka ya ce ya gaji. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dogonyaron makaranta bayan la'asar, aka kawo goro, dattawa a gaba, 'yan wasa a baya, mu yara muna kan katanga. Na sa sabuwar rigata, don ni a sanina ranar Baba ce. Mutum biyu ake magana a kansu: Baba, da tsohon kyaftin ɗinmu, wani dogo mai ƙafar hagu wanda ya taɓa karya sandar raga da bugu ɗaya. Samari suna mutuwar sonsa. Ba zan zalunce shi ba, mutumin kirki ne, ɗan wasa ne na gaske, amma bai taɓa koya wa ko ɗan akuya tsalle ba.

Kaka ya yi godiya, ya nemi gafarar duk wanda ya taɓa zagi, aka yi dariya aka ce an yafe. Sai shugaban kulob, wani ɗan kasuwa mai yawan gaggawa, ya gyara zama ya ce, "To Malam, kai kas san su. Ɗan naka fa, mi kag gani?"

Tambayar ma ba ta kamata ba. Ba a sa uba a gaban jama'a a ce ya auna ɗan farinsa. Kaka ya kawar da kai gefe, ya ce abin da kowane tsoho irinsa zai ce.

"Wanga? Mi yas sani?"

Yadda aka saba, maganar ba nan take ƙarewa ba. Uba ya kushe, sai wani sa'ansa ya karɓe ya ce, a'a Malam, mu mun san abin da ya sani, mun ba shi. Uban ya yi shiru kamar an fi ƙarfinsa, a shafa fatiha, kowa ya tashi da mutuncinsa. Haka ake yi wajen aure, haka ake yi wajen limanci, haka ake yi ko'ina. Mai karɓe wa Kaka magana shi ne tsohon telan da yake ɗinka wa kulob riguna, amininsa tun yarinta, kuma ya rasu da daminar shekarar. Sai aka rasa mai karɓewa. Hedimasta ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi goron hannunsa. Kowa yana jiran wani ya fara. Ina kallon Kaka daga kan katanga, kansa a karkace, kunnensa a buɗe, yana jira shi ma.

Samarin baya ne suka fara kiran kyaftin, ɗaya, biyu, sai duka. Shugaba ya tafa hannu ya ce, "To, tunda uba ya hwaɗi da bakinai, mu mi za mu ce?" Aka shafa. Ban ga dattijo ko ɗaya da ya ɗaga kai lokacin shafawar ba. Baba ne ya fara tashi ya je ya ba sabon koci hannu. Usur ɗin Kaka kuwa ba wanda ya nema, don kyaftin ya riga ya sayo nasa na roba.

Ni yaro ne, ban san ana faɗin magana don a mayar maka da ita ba. Abin da kunnena ya ji shi na ɗauka: Kaka, wanda ya fi kowa sanin ƙwallo a duniya, ya ce ubana bai san komai ba. Kafin magariba maganar ta shiga bakin yara. In na taɓa ƙwallo na ɓarar, sai a ce mi yas sani. In na faɗi, mi yas sani. Abin da ya fi ƙona mini rai, washegari Baba ya ɗauki buhunsa da gwangwaninsa ya tafi zana wa wani layi. Ya ba ni kunya, wallahi ya ba ni. In na hango shi a duƙe a fili sai in canza hanya, in bi ta bayan kasuwa. Shi kuwa Kaka bai sake taka filin ba. Ya rage cin abinci, ya daina tsokanata, ya koma zama a zaure yana juya usur a cikin aljihu.

Inna, mahaifiyata, 'yar Wurogauri ce, kusa da Kalgo, kuma yayanta yana cikin masu riƙe da kulob ɗin Kalgo. Da labari ya kai masa, bai yi wata-wata ba ya zo neman Baba ya riƙe musu kulob. Baba malamin makaranta ne, aka nema masa canjin wurin aiki, aka samu. Ya aika ƙaninsa ya nema masa izini wurin Kaka, Kaka ya ce, "Shi tai. Allah shi tsare." Suka tafi da Inna da ƙannena, ni aka bar ni wurin Kaka saboda makaranta, kuma saboda yana bukatar mai ja masa sanda.

Girbi biyu aka yi kafin gasa ta haɗa mu da Kalgo a filinmu. Suka zo a bayan babbar mota, da makaɗansu, da 'yan kallonsu masu warin kifi da bakin tsiya. Mu kuwa a lokacin kulob ya zama abin tausayi, kowa in ya samu ƙwallo sai ya nufi raga shi kaɗai, kamar yadda kocinsa yake yi a zamaninsa. Layin filin ma ya zama kamar sawun maciji. Ban zaci Kaka zai je ba, sai na ga ya sa babbar riga ya miƙo mini kan sanda. "Abokina, kai ni. Yau kai ne idona."

Aka ba shi kujera a bakin layi, na tsaya a gefensa ina faɗa masa abin da nake gani. Ban daɗe ba na gane ba ya bukatata sosai. In na ce ɗan bayansu na dama ya karɓa, sai ya ce zai mayar tsakiya. Ya mayar. Sai ya ce yanzu za a jefa hagu. A jefa. Ya san wasan kamar shi ya haife shi. Da suka zura ta farko, na ji ya ce alhamdulillahi a cikin gemunsa, sannan ya yi tari don ya rufe.

A ta biyu ne abin ya lalace. Ashe 'yan Kalgo sun san labarin tas, kuma sun zo da shi a shirye. Kalangu ya ɗauka, mutum ɗaya ya ɗaga murya, sauran suka amsa: mi yas sani, mi yas sani. Suna rawa suna nuno kujerar Kaka. Na dubi mutanen garinmu, manya da yara, kowa ya sunkuyar da kai, ba mai bakin ramawa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban san ta wa nake ji ba, tawa ce, ta Kaka ce, ko ta garin gaba ɗaya.

Sai na ga Baba ya bar wurinsa da gudu. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ratsa bayan raga ana cikin wasa, ya fizge makaɗin kalangu daga hannun mai kiɗa, ya ce in aka sake rera wannan waƙa zai kwashe yaransa ya bar filin, a ba Gwandu wasan. Kawuna ya zo yana ba shi haƙuri. Aka ƙarasa wasan shiru kamar ana zaman makoki, suka ƙara mana ɗaya, ba wanda ya yi tsalle.

Da aka tashi, Baba ya zo ya tuɓe takalmi nesa, ya durƙusa ya gaishe da Kaka. Kaka ya kawar da kai yadda ya saba, ya amsa wa iska. Dattawan nan da shugaban kulob suka matso su yi masa sannu. Sai ya juyo da makafin idanunsa wajensu, ya ce a hankali, "Ku kun san abin da nika nuhi ranar nan. Babu wanda bai sani ba cikinku." Ya zaro usur daga aljihu ya lalubo hannuna ya sa mini. "Ba baƙon ga, ya bar kayanai wurina." Taku kaɗan ne tsakaninsu, amma ni na kai. Baba ya karɓa da hannu biyu, bai ɗago ba.

A hanyar gida Kaka ya tambaye ni, "Abokina, kai ma ka yarda da maganar?" Hawaye suka zubo mini, ina godiya ga Allah da ba ya gani. Ya matse kafaɗata ya ce ni yaro ne, ba ni ya jira ba. Bai ƙara shekara biyu ba ya rasu, kuma har ya koma ga Allah bai kira sunan Baba ba. Baba kuwa bai sake riƙe kulob ɗin Gwandu ba. An zo an roƙe shi, ya ce 'yan Kalgo ba su yi masa laifin da zai bar su ba.

Yanzu da fenti ake zana layi, kuma iyaye suna tsayawa a bakin fili suna ƙwala wa 'ya'yansu kira, na fari da na auta duk ɗaya. Ina ganinsu ina cewa zamani ya lalace, kamar yadda tsofaffi suke cewa. Kwanakin baya samarin unguwarmu suka zo har zaure, suna son ɗana na fari ya riƙe musu kulob, suka ce sai sun ji ta bakina. Baba yana zaune a gefe, ya tsufa ƙwarai, yana jan carbi. Wallahi sai na ji maganar nan ta taso mini har maƙogwaro, da muryar Kaka da komai. Na dubi zauren, ban ga wanda zai karɓe mini ba. Na haɗiye ta da ƙyar, na ce, "Ya iya. Ku ba shi, ya fi ni sani." Gumi ya keto mini kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Da suka fita, Baba ya ce, "Marar kunya." Na sunkuyar da kai. Can sai ya matso da kunnensa, kunnen da har yau yake jin motsin ɓera a rumbu.

"Sake hwaɗi," ya ce. "Ban jiya ba."