Tarwaɗar Rijiyar Malam

Wata Asabar ce, a daminar da na shiga aji biyar na firamare, gugan gidanmu na unguwar Inkil ya tsinke ya faɗa rijiya. Abin da aka saba shi ne a aike ni maƙwabta aron ƙugiya, a lalubo shi kafin tuwo ya nuna. Sai dai a makon ne Baffa Sani, ƙanin babanmu, ya dawo daga Legas da kyamarar bidiyo, da wani akwatin roba garai-garai da ake kulle ta a ciki don kada ruwa ya taɓa ta. Tun isowarsa yake neman ruwan da zai gwada ta, har randa ya leƙa. "Wace ƙugiya kuma a wannan zamani?" in ji shi.

Rijiyar kuwa marigayi kakanmu Malam ne ya haƙa ta da hannunsa, ita ce kuma abin alfaharin kakarmu Iya. Nan matan unguwa suke ɗiban ruwa, su zauna gindin mangwaro ana hira ana ɓarar gyaɗa.

Baffa ya shafa wa robar bakin akwatin mai, ya danne maƙullai, ya ƙulle tocila a leda, ya ba ni igiyar shanya in riƙa zurawa. Wanke-wanke na jirana, ruwan alwala babu, shi ko sai "Kar ki girgiza, Hadiza!" Da la'asar ya jona kyamarar a talabijin, mata da yara suka cika ɗaki. Duhu, gansakuka, gugan ma ko alamarsa babu. Can sai ga wata baƙar fuska mai gashin baki ta cika gilashin talabijin, ta wangale baki. Salati ya ɓarke, wata har takalminta ta bari.

Iya ta yi ta cewa, "Tarwaɗar Malam ce! Shi ya saka ta tana ƙarama don ta cinye tsutsotsi." Baffa ma ya yi ta rantsuwa cewa matsowa ta yi kusa da kyamara, shi ya sa ta yi girma. Wa zai saurara? Kafin Juma'a labarin dodon rijiyarmu ya kai har ƙauyen Miri, mata suka ɗauke ƙafa. Don maganar ta mutu, Baba ya kira masu yasar rijiya. Suka fito da tarwaɗar, ba ta wuce tsawon hannuna ba, suka tafi da ita aka yi miya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Iya kuwa ta shige ɗaki ta saki labule.

Yanzu an rufe rijiyar da siminti, ruwa sai na 'yan garuwa, yarana kuma suna kallon kifayen teku a waya ko gezau ba sa yi. Amma Iya, har ta bar duniya, takan fito da sassafe da ɓarɓashin tuwo a hannu, ta kai bakin rijiyar, sannan ta tsaya cak. Ashe duk gidan ba wanda ya san ta daɗe tana ciyar da tarwaɗar.